Kwana shida bayan tiyata ɗinkin hanjina ya sake

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abun ina fasawa, don akwai wuraren da mutum ke jin nauyin faɗa, amma satin da ya wuce bayan sallar isha'i wani maƙwabcinmu ya tare ni a ƙofar masallaci yace ƙaninsa aka yi wa aikin hanji yau kwana biyar, wai har ya fara samun sauƙi ya sha shayi, sai kuma jiya zazzaɓi ya dawo ga shaƙuwa ta ƙi tsayawa, amma sun ce bari su jira Litinin tunda ƙarshen mako ne. Wallahi ban san sanda na riƙo hannun rigarsa ba. Nace Malam yanzun nan ka hau mashin ka koma, ka samu nas ɗin da ke bakin aiki kace a kira likita, kar ka yarda gari ya waye a haka. Na shiga gida na kasa barci, duk abin da ya same ni a 2023 ya dawo min sabo fil.

Ni tela ne a nan Gombe, shagona na Pantami, shekara goma sha shida ina kan keke, akwai yara huɗu da ke koyon aiki a hannuna. Matata 'yar Bappana ce, auren gida aka mana, shi yasa har yau Hamma, wato yaya, take ce min, 'ya'yanmu uku.

Ƙarshen watan Janairu zazzaɓi ya fara min. Kamar kowa dai na je kemis aka min allurar maleriya ta kwana uku, bai sauka ba, ga ciwon kai ga ɗacin baki, na je aka min gwajin widal akace taifot ne aka ban kafso, na sha kwana huɗu da na ji dama dama sai na ajiye, lokacin hidimar siyasa ce ɗinki ya taru a shago har ƙasa, kowa na son kayansa jiya. Mahaifiyata Dada ta aiko min da jiƙo daga Kumo shi ma na sha. Ruwan 'yan ga-ruwa muke sha a gida da shago ba tafasawa ba komai, kuma daga baya ne na gane ta ruwa da abinci ƙwayar taifot ke shiga, ta je can ƙarshen ƙaramin hanji ta yi gyambo, in ba a kashe ta ba wajen sati na uku gyambon ya ɓula hanjin. Ni kuwa daidai sati na ukun ne, wajen ƙarfe biyun dare naji kamar an soka min almakashi a ƙasan cibiya ta hannun dama, kafin asuba cikina ya ƙame kamar katako, ko numfashi na ja da ƙarfi sai na yi ƙara. A keke napep aka kai ni asibiti, duk ramin da muka faɗa sai naji shi har ƙwaƙwalwa.

An yi hoto likita ya ɗaga ya nuna wa ƙanina wata baƙar iska a ƙarƙashin haƙarƙari, yace wannan iskar a cikin hanji ya kamata ta kasance, tunda ta fito to hanji ya fashe, sai tiyata. Ba a shiga da ni nan take ba, sai da aka ɗura min ruwa leda leda, aka sa min roba ta hanci da ta fitsari aka fara alluran kashe ƙwayoyin cuta, 'yan'uwa har sun fara ƙorafi wai an yi banza da ni, ashe jira suke jinina ya ɗan daidaita fitsari ya fara zuwa. Ga shi lokacin canjin kuɗin nan ne, wanda ya yi jinya a Fabrairun 2023 shi kaɗai ya san abin da nake nufi, kuɗinka na banki amma ba ka da su, taransfa ta maƙale, masu POS in ma sun samu tsabar kuɗi sai sun yanki rabonsu mai tsoka. Ƙanina ya yi yawo har tsohuwar kasuwa kafin wani mai yadi da muke ciniki ya ƙirga mana tsofaffin kuɗi a hannu. Jini kuwa yaran shagona ne suka bayar, Allah ya musu albarka.

Da na farfaɗo akace ramuka uku aka samu kusa da juna, don haka ba a toshe su ɗai ɗai ba, an yanke wajen gaba ɗaya kamar inci goma aka haɗa bakin da baki aka ɗinke, aka wanke cikin, aka bar wata roba a gefen ciki tana zubo ruwa cikin jaka. Kowa ya yi hamdala. Ni kaina a tunanina an gama, tunda an fita daga ɗakin tiyata da rai ai sai warkewa. Kwana na uku na taka zuwa bakin taga, na huɗu na fitar da iska nas ta yi murna kamar an mata albishir, aka cire robar hanci akace in fara kurɓar ruwa, da yamma shayi ba madara. Dada ta zo ta ganni a zaune ta yi kuka ta koma gida da daɗin rai.

Daren kwana na biyar ne abu ya fara canzawa, kuma nan ne nake so a karanta a hankali.

Ba ciwo ne ya fara zuwa ba. Bugun zuciya ne. Ina kwance ban yi komai ba amma ƙirjina na dukan uku uku kamar na yi gudu daga Pantami zuwa Jekadafari, numfashina ya ƙaru, ga wata irin fargaba da ban san dalilinta ba, kawai jikina na faɗa min akwai matsala. Sai shaƙuwa. Sai kafaɗata ta fara ciwo, nace ko kwanciya ce. Wajen asuba sanyi ya rufe ni haƙorana na haɗuwa, shayin da na sha jiya da marmari yau ko warinsa ba na so. Maiɗakina ta je ta faɗa wa wadda ke aikin dare, ta zo ta duba tace zazzaɓin bayan aiki ne an saba gani, ta sa min farasitamol ta cikin ruwa. Zafin ya sauka na awa uku ya dawo. Da likitoci suka zo zagayen safe babban ya tambaye ni Malam ya jiki, nace da sauƙi likita. Ƙarya na yi. Gida nake so, na ƙirga abin da aka kashe, na ƙirga kayan mutane da ke shago, na kuma ji ana cewa in ka faɗi matsala sai su ƙara maka kwanaki. Ya danna cikina na cije baki. Na ga ya tsaya yana kallon takardar da ake rubuta bugun jini, ya ce wa na ƙasa da shi a sake gwajin jini a dakatar da shayin, a ƙara sa ido.

Maiɗakina ce ta gano. Tun ranar farko ita ke kallon jakar nan ta gefen gado, tasan kalar ruwan, kamar ruwan wankin nama ja ja mai haske, kullum kuma raguwa yake. Da la'asar ɗin kwana na shida ta sunkuya ɗaukar buta sai naji tayi shiru, ta ɗago jakar ta kai wajen hasken taga. Ruwan ya koma kore mai duhu ya haɗu da ruwan ƙasa, da wasu 'yan gudaji gudaji a ciki, kuma ya kusa rabin jaka alhali da safe ko kofi bai kai ba. Ta ɗaga bandejin cikina, gefen ƙasa ya jiƙe da irin wannan kalar, wari ya bugo mu, warin da ba sai an faɗa maka na meye ba. Tace Hamma wannan ba ruwan jiya bane. Nace ki bari zuwa safe. Tace wallahi Hamma yau kam ba zan ji maganarka ba, ka yafe min. Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita, kuma ba ta dawo ba sai da likita a bayanta.

Bugun zuciyata lokacin 128, na lafiyayyen mutum a kwance tsakanin 60 ne da 100, zafin jiki ya haura 39. Babban likitan ya dawo da daddare ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Yace Malam ance min kai tela ne. Nace eh. Yace in aka kawo maka yadin da ya sha ruwa ya ruɓe kayi masa ɗinki mai kyau, zaren ne ke tsinkewa ko yadin ne ke yagewa a bakin ɗinki? Nace yadin ne. Yace to haka ya faru da hanjinka, taifot ya cinye shi, ya kwana cikin ƙazanta kafin ka zo, jininka ya yi ƙasa, sati uku ba ka ci abincin kirki ba, naman bai samu ƙarfin kama juna ba, yanzu abin cikin hanji na yoyo cikin cikinka. Yace ɗinkin hanji in zai sake yawanci tsakanin kwana na biyar zuwa na bakwai yake nuna kansa, daidai lokacin da kowa ya saki jiki. Dole a koma tiyata a daren, kuma ba zai sake haɗawa ba don in ya haɗa a cikin wannan ƙazantar zai sake ɓallewa, zai fito da bakin hanjin ta fatar ciki ne a manna jaka, bayan gida ya riƙa fita ta nan na wasu watanni har ciki ya huce.

Nace ban yarda ba. Na faɗa da iya ƙarfin da ya rage min, nace gara in mutu da mutuncina da in riƙa yawo da kashi a gefen ciki, ina limancin yara a shago, ina shiga sahu, wa zai tsaya kusa da ni. Ƙanina ya yi magana naƙi, matata na kuka naƙi. Sai aka kira Dada a waya aka kara min a kunne. Ba ta yi doguwar magana ba, tace ni na wanke maka kashi shekara biyu ban ji ƙyanƙyami ba, in ta kama zan sake, amma ban yafe ba in ka sa aka kawo min gawarka alhali akwai magani. Na sa hannu.

Kwana biyu ban san inda kaina yake ba bayan wannan aikin. Da na dawo hayyacina na daɗe ban yarda na kalli wajen ba, in za a canza jaka sai in juya kai bango. Ranar da na kalla, wani ɗan nama ne ja jawur a ƙasan ciki ta dama, girmansa kamar ƙaramin tumatir, da laima kamar cikin baki, yana ɗan motsi da kansa. Nas tace taɓa, na taɓa, ba zafi ko kaɗan. Sitoma suke ce masa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba.

Na zaci nan ne ƙarshen wahala ashe da saura. Babban yankan tsakiyar ciki ya yi ja ya kumbura ya fara fitar da mugunya, dole aka warware zaren fata aka bar shi a buɗe yana warkewa daga ƙasa, kullum sai an wanke an cusa bandeji, wani lokacin da zuma ake shafa masa, zuma dai wadda kuka sani amma mai kyau, kuma na ga amfaninta da idona don naman ya riƙa tsirowa ja mai tsabta. Wankin ciwon nan ba zan iya kwatanta shi ba, da na ji ƙarar keken kayan wanki daga ƙofar ɗaki sai gumi ya karyo min.

Sai kuma zazzaɓin yamma. Da safe lafiya lau har in yi hira da na gadon kusa, da la'asar ta yi sai sanyi, da daddare gumi har zanin gado ya jiƙe, kullum haka kamar an sa agogo. Marata ta yi nauyi, ina jin kamar zan yi bayan gida ta hanyar da aka saba alhali ba abin da ke bi ta nan, sai wata majina majina ke fita, fitsari ma kaɗan kaɗan akai akai. Wannan karon ban ɓoye komai ba, da likita ya zo na lissafa masa har wanda bai tambaya ba. Ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu, ina kwance ina rawar sanyi mutane na sauraron rediyo a ɗaki. Bayan zaɓe aka tura ni sikanin aka ga mugunya ta taru wuri biyu, ɗaya can ƙasan mara ɗaya ƙarƙashin hanta. Likita yace ragowar ƙazantar da ta zuba ce jiki ya killace ta ya mata katanga, ta zama ƙurji a cikin ciki, kuma in ƙurji ya girma allura kaɗai ba ta isa cikinsa da kyau, sai an zuƙe, kamar dai maruru ne, duk maganin da za ka sha sai ya fashe kake samun barci. Alhamdulillahi ba a sake buɗe ni ba. Na ƙarƙashin hantar ina kallo aka yi, aka kashe wajen da allura, mai sikanin na riƙe da na'urarsa yana cewa ƙara ciki kaɗan, tsaya, likita ya ja sirinji sai ga abu ya taho mai kauri kamar kunun kanwa, ana cika sirinji ana juyewa a kwano, na ƙirga har tara na daina, aka bar 'yar siririyar roba a wajen. Na marar ma aka san yadda aka zuƙe shi. An kai mugunyar ɗakin gwaji don a gano maganin da ke kashe ƙwayar, aka canza min allura zuwa wata mai tsada aka haɗa da Flagyl. Daren nan na yi barcin da rabona da irinsa tun Janairu.

Kwana uku kafin azumi aka sallame ni, azumin ya kama 23 ga Maris. Na shiga asibiti ina kilo 69 na fito ina 48. Ummi 'yar autarmu ta ganni ta ɓuya bayan uwarta.

Zaman gida da jaka wani karatu ne daban wanda ba wanda ya koya mana sosai, da kanmu muka koya da kuskure da komai. Abin da ke fita daga ƙaramin hanji ba irin bayan gidan da aka sani bane, ruwa ruwa ne, kuma yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da abinci, to in ya taɓa fata ita ma narkar da ita yake. Jakunkunan na da tsada kuma ba kowane kantin magani ke da su ba, akwai lokacin da sai daga Kano aka sa mana a mota. Da suka yanke mana sati guda muka koma leda da filasta, cikin kwana uku fatar da ke kewaye ta saɓule ta yi ja kamar ƙunar ruwan zafi, kuma in fata ta saɓule jaka ba ta kamawa, in ba ta kama ba ta ƙara yoyo, haka abin ke ta zagayawa. Wata nas dattijuwa ce ta cece mu, Allah ya saka mata da alheri, ta nuna wa maiɗakina cewa ramin jakar dole ya zo daidai bakin naman, in ya yi faɗi ko kaɗan fata ce za ta sha, a wanke da ruwan ɗumi kawai, a bari ya bushe sarai kafin a manna, inda ya ƙone a sa masa hoda ta musamman, a kuma zubar da jakar tun ba ta kai rabi ba. Daga ranar matata ta ɗauki tef ɗina da ƙaramin almakashina na cire zare, ta yanka kwali ta yi ma'auni, duk sati sai ta sake awo don naman na raguwa. Hannunta ya fi nawa daidai. Ni kuma da na samu ƙarfin zama na ɗinka wa kaina wani maɗauri mai aljihu da yadi mai laushi da roba, yana riƙe jakar a jiki ba ta lilo a ƙarƙashin riga.

Azumi likita ya hana ni ƙiri ƙiri, na ji zafin abin amma ko ba azumi ma sai da zafin Afrilu na Gombe ya kusa kai ni. Babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar jiki, ni kuwa nawa an ajiye shi gefe, komai na sha sai ya wuce jaka. Ina jin ƙishi ina ɗirkar ruwan sanyi jaka na ƙara cika, jiri, ƙafafu na ɗaurewa, fitsari ya koma kaɗan kalar shayi. Aka mayar da ni asibiti kwana uku ana ƙarin ruwa akace ƙodata ta fara taɓuwa. A nan aka faɗa min abin da ya ban mamaki, wai tsurar ruwa da yawa da lemon kwalba ƙara wanke gishirin jiki suke ga mai irin lalurata, ruwan gishiri da sukari na sacet ɗin nan da ake ba yara masu gudawa shi zan riƙa kurɓa a hankali duk yini, aka haɗa min da maganin rage gudun hanji kafin cin abinci. Farar shinkafa, tuwo, dankalin turawa, ayaba, su ke sa abin ya yi kauri. Ƙwai da kifi don nama ya dawo. Su rake, aya, gasasshiyar masara, mangwaro mai zare da gyaɗar da ba a tauna da kyau ba akace in kiyaye don suna iya toshe bakin. Na gwada kwaɗon rama sau ɗaya na kwana ina murƙususu, ban sake ba.

Sallar shekarar ta wuce keke na a rufe, wanda duk tela ya san watan azumi shi ne shekararsa. Yaran suka yi iya yinsu, wasu masu kaya suka karɓe abinsu, ban ga laifinsu ba. Amma abin da ya fi cin raina masallaci ne. Wata biyu ina sallah a ɗaki, ita ma ina yi ina kokwanto, ya za a yi in tsaya gaban Ubangiji da najasa manne a jiki kuma tana fita ba da izinina ba. Har sai da malaminmu na unguwa ya zo dubiya na cire kunya na tambaye shi. Yace hukuncinka ɗaya da mai yoyon fitsari wanda ba ya iya riƙewa, ka zubar da jakar ka tsaftace iya iyawarka in lokaci ya shiga, ka yi alwala ka yi sallarka, abin da ya fita bayan nan ba ya ɓata maka. Ya tuna min Sayyidina Umar ya yi sallah jini na kwarara daga inda aka soke shi. Yace gobe da asuba zan biyo maka. Ya kuwa biyo, ya tsayar da ni a sahun farko ta gefen dama, jakar ta yi 'yar ƙara a raka'a ta biyu naji kamar ƙasa ta tsage in shige, ba wanda ya waiwayo, da aka sallame dattijon da ke kusa da ni ya riƙe hannuna da hannu biyu yace barka da fitowa ɗana.

Maganganu kam na sha su. Wasu suka ce likitoci ne suka yi kuskure a kai su ƙara, wasu suka ce an manta wani abu a ciki, wata goggonmu ta rantse jifa ne daga abokan sana'a har ta kawo rubutu da turare. Ni ban ce ba a kuskure a asibiti ba, ana yi, amma nawa na san yadda aka yi, da hannuna na ajiye magani a kwana na huɗu, da bakina nace da sauƙi alhali ina ƙonewa. Kuma an faɗa min ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ɗinkin hanji na sakewa, musamman in aikin gaggawa ne, ko mai ciwon suga, ko mai shan sigari, ko wanda ya rame. Abin da har yau ke min ciwo guda ɗaya ne, ba wanda ya zaunar da mu bayan aikin farko yace ga abin da za ku sa wa ido, bugun zuciya, zazzaɓin da ya dawo bayan an fara samun sauƙi, kumburin ciki, shaƙuwa, canjin kalar ruwan jaka. Minti biyar ya isa a faɗa wa mai jinya wannan, kuma mai jinya ita ke zaune a wajen dare da rana, ma'aikaciya ɗaya na iya kasancewa da gado ashirin. Matata ba ta yi karatun lafiya ba, ido kawai ta sa, da an faɗa mata tun farko da tun daren kwana na biyar za ta tada ƙura.

A watan Agusta aka mayar da hanjin, wata shida kenan. Sun ƙi yi da wuri duk naci na, sai da na koma kilo 60 jini ya cika, aka ɗura wani ruwa aka yi hoto aka tabbatar hanyar ƙasa a buɗe take. Lokacin an cire tallafin mai komai ya ninka, sai da na sayar da keken wibin ɗina da filin da nake tarawa a hanyar Kumo. Aikin kansa bai kai na baya wahala ba, tsoron ne ya fi yawa, don wannan ma ɗinki ne kuma shi ma zai iya sakewa. Kwana na biyar da na shida da na bakwai ba ni ba barci, yatsuna biyu na kan wuyan hannuna ina kallon agogon waya ina ƙirgawa, 84, 88, 82, maiɗakina na zaune ta gefen da jakar ruwa take da tocila a cinya. Ranar da na fara zagayawa ta hanyar da Allah ya halitta na daɗe a ciki ina hawaye, da na fito ta kalle ni kawai ta gane, ta ɗaga waya ta kira Dada.

Yanzu ina kan keke, ban kai da ba amma ina yi. Tabon tsakiyar ya bar min wani kumburi da ke fitowa in na yi tari ko na ɗaga abu mai nauyi, likita yace naman bangon ciki ne bai haɗe da kyau ba saboda ciwon da ya yi mugunya, sai an sa raga an gyara, mun sa bayan sallah in Allah ya kai mu. Ruwa kuwa ko a gidan biki ba na sha sai na san daga ina yake, a gida tukunyar tafasa ruwa ba ta sauka.

Jakunkuna bakwai suka rage min da maɗauran nan guda biyu da na ɗinka, suna cikin akwatin maiɗakina tun bara ta hana a zubar. Shekaranjiya maƙwabcin nan ya kira ni, an koma da ƙanin nasa tiyata a daren da muka yi magana, ya farfaɗo, an fito masa da hanji ta gefe kuma tun da ya gani ya ƙi magana da kowa. Gobe bayan azahar za mu je ni da ita, ta riga ta sa tef da almakashin a jaka.